Fankar cajin da arha ta sa na saya

A azumin 2024, wanda ya faɗo cikin zafin Maris da Afrilu, na shiga Sabon Gari neman fanka mai caji. Wuta ba ta zama, man janareto ya fi ƙarfina tun da aka cire tallafi a 2023, ga jaririyarmu duk wuyanta ƙurajen zafi.

Mai shagon ya jera min guda biyu, tsayi ɗaya, kala ɗaya. Kun dai san yadda kayan wuta suka yi tashin gwauron zabo da dala ta hau. Ratar da ke tsakaninsu ta isa cefanen buɗa-baki na mako guda. Ya ce, "Alhaji, duk daga wuri ɗaya suke fitowa, suna kawai ake saya." Na taɓa aljihuna, na ɗauki mai arhar.

Gaskiya makon farko na yaba. Iskarta na da ƙarfi, ba ta da ƙara, yarinyar ta samu barci. Har maƙwabcina na ba shi shawara ya saya.

Daren ashirin da bakwai aka ɗauke wuta tun magariba. Fankar ta wuni a caji, amma kafin in dawo daga tarawi ta fara juyi a hankali kamar mai jin yunwa, can ta tsaya cak. Na tarar da uwargida zaune da maficin kaba tana yi wa yarinya fifita, gumi ya jiƙe mata hijabi. Haka ta kwana har sahur. Wannan daren har yau yana ci min rai.

Mai gyara ya kwance ta a gabana. Batirin ciki ɗan ƙarami ne, bai kai abin da aka rubuta a kwali ba, wayoyin sirara kamar zare. Ya ce irin wannan batirin in ya ƙare ƙarƙaf sau biyu ko uku, ba ya sake riƙe caji sosai. Na koma shagon, mutumin ya nuna min rasit: kayan da aka saya ba a dawowa da su.

Injinta dai lafiya lau, ba zan yi mata ƙarya ba. Amma da na haɗa kuɗin sabon batir, ladan gyara da kuɗin adaidaita zuwa kasuwa sau biyu, na wuce farashin waccan da na bari a shagon. Maƙwabcin nawa ma tasa ta soma, kuma ni na tura shi.