Na Biya Kuɗi Na Sayi Tatsuniya a Rosslyn

Yaya, bayan gaisuwa da fatan kowa lafiya, da Inna da yara. Bidiyon nan da ka turo mini ta WhatsApp na kalla, wanda mai magana yake rantsuwa wai mayaƙan Tempila, wata tsohuwar ƙungiyar mayaƙan Kirista, ba su ƙare ba, sun gudo nan Sikotland da dukiyar da suka tono a ƙarƙashin Masallacin Ƙudus, sannan suka rikiɗe suka zama ƙungiyar asirin da ke juya duniya. Ka ce tunda ina kusa in je in gano maka. To na je, har sau biyu ma.

Cocin da ake cewa an ɓoye dukiyar a ciki, Rosslyn, yana ƙauyen Roslin, kamar mil 7 kudu da Edinbara. Zuwan farko na yi na baƙo. Na biya wani kamfanin yawon buɗe ido ta intanet, kuɗin da ya kusa lashe ladan aikina na yini guda. Gaskiya wajen tsari ba su da na biyu. Ƙarfe tara aka ce, ƙarfe tara motar ta tashi, ba jiran cikar fasinja, ba kwandasta mai ihu, ga ɗumi a ciki, ga rasit a waya. Na tuna ranar da muka wuni a tasha za mu Daura don mutum ɗaya ya rage.

Direban shi ne mai bayani, kuma Allah ya ba shi baki. Tun a hanya ya fara: wai da Sarkin Faransa Filib na Huɗu ya sa aka kame 'yan Tempila ranar Juma'a 13 ga Oktoba 1307, jiragen ruwansu sun sulale da dukiyar, suka zo nan, suka taimaki Sarkin Sikotland Robert Bruce a yaƙin Bannockburn na 1314, aka binne kayan a ƙarƙashin cocin. Da muka shiga ya nuna mana wani sassaƙe a jikin taga ya ce masara ce, wai shaida ce mutanen gidan Sinclair, waɗanda suka gina cocin, sun je Amurka kafin Kolumbus. Yaya, ni da na girma ina ɓare masara a gonar Baba na ƙura wa abin ido har wuyana ya ƙage. Ko alkama aka ce mini, ko wata fure, zan yarda daidai yadda zan yarda masara ce.

A cikinmu akwai wata dattijuwa, ta ce ta yi ritaya daga koyar da tarihi. Ita ta hana shi sakat, cikin ladabi irin nasu mai zafi. Ta tambaye shi shekarar da aka kafa cocin. Ya ce 1446. Ta ce Fafaroma Kilemen na Biyar ya rushe ƙungiyar a 1312, an ƙone shugabanta Jacques de Molay a Faris a 1314, to wa ya zauna riƙe da akwati fiye da shekara 130 yana jiran a yi gini? Ya yi dariya ya ce ai shi ya sa ake ce masa sirri. Ta ce a shari'ar da aka yi wa 'yan Tempila biyu a Holyrood da ke Edinbara a 1309, cikin masu ba da shaida a kansu har da mutanen gidan Sinclair ɗin. Nan wani Ba'amurke ya fusata, ya ce shi ya zo hutu ne, makaranta ya daɗe da gamawa. Direban kuwa ko a jikinsa. Da na same shi gefe yana shan shayi, ya ce mini shi labari yake sayarwa, kuma tun da littafin The Da Vinci Code, wanda ya sako wannan cocin cikin labarinsa, ya fito a 2003, aka yi fim ɗinsa a 2006, abin da baƙi ke so ke nan.

A wani shago cikin gari na sayi kofi mai jan gicciye da takobin roba don Abba. Da na juya gindin kofin, ƙirar Sin ne, irin wanda za ka samu a kasuwar Sabon Gari da kwatan kuɗin. Abin da ya bambanta shi ne na mayar da shi washegari da rasit, yarinyar ta mayar mini da kuɗina a kati, ba ta ko ɗaure fuska ba. Gwada wannan a wurin mutanenmu ka ji "kaya in ya fita ya fita".

Zuwa na biyu na hau bas mai lamba 37 ni kaɗai, na taɓa katina a na'ura, kuɗin bai kai na kwanon abinci ba. Amma kafin nan na shiga babban laburaren gari da ke George IV Bridge. Rajista kyauta, aron littafi kyauta, ma'aikaciyar har ta taso ta kai ni kantar da kanta. Gidan tarihin ƙasar ma kyauta ake shiga. Wannan shi ya fi tsaya mini a rai. A nan ƙasar takardun gaskiya suna zube a banza, mutane na wuce su suna biyan fam don a yi musu gatanan gatananku.

Abin da na karanta bai yi ƙasa da bidiyonka daɗi ba. An kafa ƙungiyar wajen 1119 a Ƙudus, Sarki Baldwin na Biyu ya ba su mazauni a cikin Masallacin Aƙsa, wanda 'yan Salibiyya ke ɗauka haikalin Annabi Sulaimanu ne, wato Temple da Turanci, daga nan sunansu ya samo asali. Su ne Salahuddin Ayyubi ya murƙushe a Hittin a 1187. Dukiyarsu galibi gonaki ne da gidaje, abin da ba ya shiga jirgi, kuma Fafaroma ya miƙa ta ga kishiyarsu, ƙungiyar Hospitaller. Filib kuwa bashi ya yi masa katutu, furucin da aka samu daga bakinsu ma da azaba aka tatsa. Haɗa su da 'yan Freemason, ƙungiyar da ake wa kallon ta asiri, sai a ƙarni na 18 aka fara, kuma da aka kafa babbar majalisar Freemason ta Sikotland a 1736, wani William St Clair na Roslin, ɗan gidan Sinclair ɗin, ne shugabanta na farko. Ka ga inda aka samu zaren ɗinki.

Ainihin mazaunin 'yan Tempila a ƙasar nan yana wani ƙauye kusa, sunansa ma Temple. Abokin aikina ya kai ni a motarsa. Kangon coci ne mara rufi da tsoffin kaburbura, ba tikiti, ba shago, daga mu sai wani mutum da karensa.

Ba na ganin laifin direban sosai. Mai gadin rijiyar Kusugu ma ya ba mu labarin Bayajidda da macijiya, muka ba shi na goro muka tafi da farin ciki. Sai dai shi, wa zai ce da shi ya kawo takarda, kuma ina laburaren da za ka je ka duba da yamma?

Takobin Abba yana nan, zan ba mai zuwa Kano bayan Sallah. Ka gaishe da Inna, ka ce mata sanyi ya fara sauƙi.