Garejin da ya haɗa mini bututun intakula a Apo: abin da ya yi daidai da inda ya gaza

Motata Golf 4 ce mai injin 1.8T, wadda kamfanin Volkswagen ya ba ƙarfin doki 150, kuma intakular da ta zo da ita, wato na'urar da ke sanyaya iskar da turbo (fankar da ke cusa wa injin iska) ya matsa kafin ta shiga injin, ƙarama ce, an ɓoye ta a gefe ɗaya bayan bamba, gaban tayar gaba. A zafin Abuja na watan Maris da Afrilu motar takan yi nauyi da zarar ta ɗauki zafi, domin iskar da turbo ya matsa tana iya wuce digiri 100 a ma'aunin Salsiyos, kuma iska mai zafi ba ta ɗauke da iskar shaƙa kamar mai sanyi. Wannan ne ya sa na sayi babbar intakula da za a ɗaura a gaban lagireto, na kai motar wani gareji a unguwar makanikai ta Apo wanda aka ce mini ya ƙware a waldar alminiyam.

Na je da niyyar a sa mini bututu mai faɗin inci 3, saboda na ɗauka cewa faɗin bututu shi ne yawan ƙarfi. Maigarejin bai karɓi maganata haka nan ba, ko da yake bututun inci 3 ya fi tsada kuma ribarsa ta fi yawa a ciki. Ya ce, “Alhaji, turbon motar nan ƙarami ne, idan ka ba shi ɗakin da ya fi ƙarfinsa, sai ka taka totur ka zauna kana jiran ya cika shi.” Da na koma gida na yi lissafin da kaina, na ga gaskiyarsa. Faɗin bakin bututu ba ya ƙaruwa daidai da lambar incin: bakin inci 3 ya ninka na inci 2 sau biyu da kwata, kuma ya fi na inci 2.5 da kashi 44 cikin ɗari. Duk wannan sarari sai turbo ya cika shi da iska kafin injin ya ji ƙarfin. Ƙaramin bututu kuma yana da tasa illar, domin idan ya matse iskar fiye da kima gudunta yakan ƙaru, matsin ya zube a hanya, turbo ya riƙa wahala yana ƙara zafi. A ƙarshe ya sa inci 2 daga turbo zuwa intakula, sannan inci 2.5 daga intakula zuwa maƙogwaron injin, ya haɗa su da roba mai baki biyu, ɗaya babba ɗaya ƙarami.

Aikin ƙarfen ba ni da abin cewa a kansa sai yabo. Ya yi amfani da gwiwoyin da aka lanƙwasa a masana'anta, waɗanda cikinsu bai tsuke ba, maimakon ya yanka bututu gunduwa-gunduwa ya yi ta walda. Ya rage lanƙwasa iyakar iyawarsa, ya walda wa na'urar auna matsin iska mazauninta, kuma babu inda bututun ke gogar lagireto ko bodin mota.

Matsalar ta fito ne daga robobin haɗi da kilif. Mako biyu bayan aikin na kama hanyar Jos ta Keffi da Akwanga, kuma a Hawan Kibo, inda mota ke jan dogon tudu turbo yana aiki babu hutu, na ji ƙara kamar an fasa leda, nan take motar ta rasa ƙarfi. Da na buɗe bonet sai na tarar bututun ɓangaren zafi, wato wanda ya taso daga turbo zuwa intakula, ya zame daga robarsa. Dalilai uku ne suka haɗu. Bakin bututun sumul yake, ba a yi masa ɗan tudun nan da ake zagaye baki da shi don kilif ya samu abin tokara ba. Kilif ɗin kuma irin na tiyon lagireto ne, mai ramuka da ake ɗaurewa da sukundireba, wanda ke yankar roba idan an matse shi sosai. Sannan robar kanta siririya ce, ba ta da isasshen zare a ciki. Mutum ba zai gane girman abin ba sai ya san cewa matsin bar ɗaya (bar ma'aunin matsin iska ne) a cikin bututun inci 2.5 yana tura mahaɗa da ƙarfin da ya kai nauyin kilo 32, ga kuma injin yana jijjiga a kan kujerunsa, ga ɗan man da ke bin iskar yana sa roba santsi.

Abin da ya ɓata mini rai shi ne ya san duk wannan, amma bai gaya mini ba, ya zaɓi kayan mai araha don kuɗin aikin ya yi mini sauƙi. Da ya tambaye ni, da na biya bambancin tun farko.

Da na mayar da motar bai yi musu ba, bai kuma karɓi kuɗin aiki ba, kayan kawai na saya. Ya yi wa kowane baki tudunsa, ya sa robobin silikon masu zare hawa huɗu, ya ɗaure su da kilif mai ƙusa da noti wanda ke matse roba daidai ta kowane gefe. A mahaɗar da ke tsakanin injin da bodi ya sa roba mai ƙusumbi a tsakiya, domin ta riƙa shanye motsin injin. Daga nan ya toshe bakin turbo, ya hura iska da kwamfaresa, ya bi kowace mahaɗa da ruwan sabulu yana neman kumfa, gwajin da ya kamata a ce an yi shi tun ranar farko.

Tun daga lokacin na hau Jos sau uku, garin da tsayinsa ya haura mita 1,200 daga teku, inda iska ba ta da kauri kuma turbo ke ƙara juyi kafin ya kai matsin da ake so, babu mahaɗar da ta motsa. Zan sake kai masa aiki, kuma zan tura masa wani, da sharaɗin mai motar ya ga robobin da kilif da idonsa kafin a ɗaura, kuma kada ya biya cikon kuɗi sai an yi gwajin sabulu a gabansa.