Hattara da masu tallar yawon buɗe ido zuwa tsibirin Rodos

Jama'a, akwai wata talla da ke yawo a Facebook da Instagram, ana kuma turo ta zaurukan WhatsApp: wai mako guda a tsibirin Rodos na ƙasar Girka cikin hutun Disamba, da biza da masauki da tikitin shiga wuraren tarihi, duk a kuɗi guda. Don Allah kada wanda ya tura musu ko sisi. 'Yan damfara ne, kuma takardar tallar tasu kaɗai ta isa ta tona musu asiri.

Sun ce za su kai mutane Kwarin Petaloudes su ga dubban malam-buɗe-littafi sun lulluɓe itatuwa. Kwarin yana nan, gaskiya ne, amma ƙwarin ba sa taruwa sai da bazarar ƙasar, daga wajen Yuni zuwa Satumba, lokacin da ƙamshin ƙaron wata bishiya ke janyo su cikin sanyin kwarin. Wanda ya je a Disamba ba abin da zai gani sai ruwa da duwatsu. Har da alkawarin wai jagora zai tafa hannu su tashi a ɗauki bidiyo, alhali an hana yin haka, domin ƙwarin suna rayuwa ne da ɗan ƙarfin da suka tara, yawan firgita su kashe su yake yi. Wanda ya taɓa taka wurin ba zai rubuta wannan ba.

Sai maganar "ragowar" babban gunkin Kolosos, wanda ya taɓa tsayawa a birnin Rodos a zamanin da, da suka ce za su kai mutane su gani. Girgizar ƙasa ta kayar da shi tun wajen shekara 226 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), kuma ko ɓurɓushinsa babu a yau. Abin da ke bakin tashar jiragen ruwa ta Mandraki mutum-mutumin barewa ne guda biyu a kan ginshiƙai, kowa na kallonsu kyauta. Haka tsohon birnin Rodos, wanda UNESCO ta sa cikin wuraren tarihi na duniya a 1988: ba a biyan kuɗi kafin a shiga ƙofofinsa. Tikiti sai a wurare irin Fadar Shugaban Mayaƙan Yahaya (mayaƙan Kirista da suka taɓa mulkin tsibirin), da kufan Lindos mai nisan kusan kilomita 50 daga birnin, kuma hukumar ƙasar ce ke sayarwa, a bakin ƙofa ko a shafinta na intanet.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne yadda suka shigo da addini. Sun san mu da son ziyara, sai suka manna hoton Masallacin Sulaiman, wanda aka fara ginawa bayan Daular Usmaniyya ta ci tsibirin a 1522, suka ce a ƙara kuɗi don "izinin sallar Juma'a" a ciki. Subhanallahi! Musulmin Rodos a Masallacin Ibrahim Fasha suke salla, kuma yaushe aka fara sayar da izinin shiga sahu? Da wannan suka kama wata yayata, baiwar Allah mai sana'ar ɗinki da ta daɗe tana adashe don ta fita ta ga duniya. Ta tura kafin alƙalami a asusun wani mutum, ba na kamfani ba, aka aiko mata da rasit mai tambari har biyu. Da ta nemi ranar zuwa ofishin jakadanci, sai lambar ta daina shiga.

Biza kuwa, Girka tana cikin yankin Shengen, wato ƙasashen Turai masu amfani da biza guda, babu wani ɗan kasuwa da zai iya ba ka tabbacin samunta. Ofishin jakadanci ne ke yanke hukunci, kuɗin nema ga babba yuro 90 ne tun 2024, kuma mai nema a karon farko sai ya je da kansa an ɗauki zanen yatsunsa. Duk wanda ya ce maka ka zauna a gida fasfo zai iso da biza a manne, ƙarya yake yi.

Wanda ya riga ya biya, kada kunya ta sa ya yi shiru. Ya adana hotunan hirarsu da shaidar tura kuɗin, ya garzaya bankinsa yau ɗin nan ya nemi a bi sawun asusun, sannan ya kai ƙara ga EFCC ko 'yan sanda. Ku kuma tura wannan ga duk zauren da kuka ga tallar a ciki.