Tukunyar firesha ko ta shinkafa ta lantarki? Amsa ga mai tafiya Delhi

Wa'alaikumus salam 'yar uwa. Allah Ya kai ku lafiya, Ya ba maigida sa'ar karatun. Tunda kuɗin tukunya ɗaya ne a hannu, tsakanin firesha da ta shinkafa ta lantarki, har kina tunanin ko ku haƙura da girkin ku riƙa saye a waje, ni dai ba zan yi miki kwana-kwana ba: ki sayi firesha, wato tukunyar nan mai dafa abinci da matsin tururi. Kada ma ki wahalar da kanki da ɗauko ta daga gida, bari sai kin sauka, can ne gidanta.

Abincin da mutanen arewacin Indiya ke ci kullum a ɗakunansu ba shi da tarkace irin na gidajen abinci. Dal ne, da kayan lambu kala ɗaya da aka soya ko aka turara, sai roti, wato siririyar gurasar alkama, ko shinkafa, da ɗan kindirmo a gefe. Dal ɗin nan dangin wake ne da aka ɓare, kuma shi ne abu mafi araha mai riƙe ciki da za ki samu a kowane kanti: akwai toor, akwai masoor ja, akwai moong, akwai chana. Ga rajma, jan wake mai taurin kai, ga lobia wanda wakenmu ne na gida sak. Yawancin waɗannan in kika ɗora a tukunya ta yau da kullum, gas ɗinki ne zai tafi a banza. A firesha kuwa tururi ba ya samun hanyar fita sai ya taru sosai ya yi fito, zafin ciki ya kan kai wajen digiri 120 maimakon 100, shi ya sa abin da zai ci awa guda yake nuna cikin 'yan mintoci. Matan can ma ba sa duba agogo, da fiton tukunya suke auna girki. Masoor fito biyu ya ishe shi, toor uku zuwa huɗu, rajma kuwa sai ya kwana a jiƙe, in ta yi fito ki rage wuta ki ba shi kamar minti ashirin.

Sai maganar nama. A Delhi doka ta hana yanka saniya, don haka jan naman da za ki samu da sauƙin kuɗi na ɓauna ne, na akuya yana da tsada. Naman ɓauna yana da daɗi amma yana da tsika da tauri, in ba firesha ba sai dai ki yini a kansa.

Tawa ta Hawkins ce mai lita uku, kuma har yau ita nake ɗorawa bayan mun dawo gida. Abin da ya sa na ƙaunace ta, a hunturunmu na farko, lokacin da hazo ke rufe gari har rana ta ɗaga ba ka ganin ginin da ke gabanka, yarona ya kwanta da ciwon ciki ya ƙi karɓar komai. Wata dattijuwa maƙwabciyarmu, mutuniyar Lucknow, ta shigo duba shi, ba ta ce min komai ba ta wuce kicin. Ta wanke shinkafa tafin hannu guda, moong tafin hannu guda, ta zuba kurkum da gishiri da ruwa mai yawa, ta rufe. Da ta yi fito uku ta sauke ta bar ta ta huce. Sannan ta narka man shanu a ludayi, ta watsa ƙwayoyin jira, wani kayan ƙamshin girki da Turawa ke kira cumin, har suka fara tsalle suna ƙamshi, ta juye a kai, ji kake cuuu. Khichdi kenan, abincin majinyata da yara a can, ruwa-ruwa kamar fate. Yaron da ya ƙi ko shayi ya shanye kwano guda. Allah Ya saka wa baiwar Allahn nan da alheri, daga hannunta na koyi yawancin abin da na iya.

In kin riƙe wannan suyar ta man shanu da jira, ki ƙara tafarnuwa da citta da busasshen barkono, kin gama rabin girkin Indiya. Sauran rabin bin kaka ne. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu kasuwa ta kan cika da farin kabeji, ɗanyen fis a kwansonsa, jan karas mai zaƙi wanda ba a samu sai a lokacin, ganyen palak mai kama da alayyafo, da ganyen hulba. E, hulbar da muke sani da 'ya'yanta, su ganyen suke soyawa da dankalin Turawa, yana da ɗan ɗaci-ɗaci mai daɗi. In zafi ya shigo daga Afrilu, sai kuɓewa da gauta da ɗanyen duma da ɗanyen soso su karɓi kasuwa, mangwaro kuma ya biyo baya, irin su dasheri da langra da chausa. Abin da ya yi tsibi a kan kura a ranar, shi za ki saya, shi ne mai araha kuma shi ne mai ɗanɗano. In kin sayi kaya da ɗan dama, ki roƙi gyaran ganyen dhaniya, wani ganyen ƙamshi da ake watsa wa miya, da ɗanyen barkono, al'adarsu ce, ba za a ga baƙonki ba. Tsamiya ma tana ko'ina, garin gero da na dawa kuma ana samu a kanti musamman da sanyi, ba za ki rasa abin tuwo da kunu ba.

Ta shinkafa ta lantarki kuwa, ina da ita. Tana dafa shinkafa warwar, ba ta ƙonawa, iyakarta kenan. Firesha ma tana dafa shinkafa a fito biyu, ta lantarkin kuwa ba ta iya wa rajma da ɓauna.

Wajen zaɓe, manyan sunayen biyu ne, Hawkins da Prestige, kuma dukansu tun 1959 suke ƙera tukunyar nan a Indiya. Ta Hawkins da aka fi sani murfinta ta ciki yake shiga, ba ya buɗuwa sam sai tururi ya sauka, abin da ke kwantar min da hankali a gida mai yara. Ta Prestige yawanci murfin ta waje yake hawa, bakinta ya fi faɗi, ta fi sauƙin wanki da zuba manyan yankan nama. Ku biyu da ɗan yaro, lita uku ta isa. In ɗakin da kuka kama babu gas sai murhun lantarki mai farantin gilashi, wato indokshan, ki tabbatar an rubuta a kwalin cewa gindinta na hawa kansa, don zallar alminiyam ba ta yin zafi a kai. In da hali ki ƙara kuɗi ki ɗauki ta ƙarfe marar tsatsa, wato stainless steel, tunda girkinmu ba ya rabuwa da tumatir da tsamiya.

Cin abinci a waje ki mai da shi na marmari. Ku je Tsohuwar Delhi, layin Matia Mahal da ke fuskantar Jama Masjid, inda Karim's yake tun 1913, ku ci miyar nama ta korma da kebab. Ku leƙa Zakir Nagar da daddare ko Nizamuddin, ku ɗanɗani nihari, naman da ya kwana a kan wuta, da gurasar tanderu mai zafi. A waɗannan unguwannin Musulmi ne ke yanka. A sauran wurare sai kin tambaya, domin akwai yankan da suke kira jhatka, na sara ɗaya, wanda ba halal ba ne. In kina shakka ku shiga gidan abincin da ba a dafa nama ko kaɗan, ku nemi thali, faranti guda mai dal da kayan lambu da roti da shinkafa. Amma a ce kullum, mai da yaji za su gajiyar da cikinku kafin aljihu ma ya koka. Da damina kuma, Yuli zuwa Satumba, ki nisanci duk abin titi mai ɗanyen ruwa, irin golgappa, soyayyen ƙwallon fulawa da ake cika da ruwan yaji, da yankakken 'ya'yan itace.

Ba ki tambaya ba amma dole in faɗa miki, akwai macuta. Tun 2021 doka ta wajabta wa duk firesha da ake sayarwa a Indiya ɗaukar tambarin ISI na hukumar kula da ingancin kaya, har an ci tarar wasu manyan shagunan intanet a 2022 kan sayar da marasa shi. Duk da haka za ki ga masu baza kaya a kasuwar mako suna miƙo miki mai sheƙi a rabin kuɗi, jikinta shafal, sunan ya yi kama da na gaske da bambancin harafi ɗaya. Kada ki karɓa ko kyauta ce, tukunyar da ke riƙe tururi ba abin wasa ba ce. Ki shiga kanti mai ba da rasit da katin garanti, ki ɗaga ta ki ji nauyi. Ki duba farashin da aka buga a kwali bayan haruffan MRP, haramun ne a dokarsu a sayar sama da shi, amma wasu in sun ga baƙuwa sai su liƙa wata takarda a kai. Robar murfi da ɗan bawul ɗin kariya ma ana yin jabunsu, in za ki canza ki nemi na kamfanin a cikin ledarsa. Masu kayan miya su ma su kan ninka wa baƙo kuɗi, don haka satin farko ki fara leƙa rumfar Safal, shagunan kamfani masu sayar da kayan lambu, inda ake rubuta farashi a allo, ki san kan kasuwa kafin ki tsaya ciniki da mai kura.

In kin kawo ta gida, kada ki cika ta fiye da kashi biyu cikin uku, dal kuwa rabi kawai saboda kumfa. Kafin ki rufe, ɗaga murfin ki hanga ta ƴar ƙofar tururin, in ba ki ga haske ba ki zura tsinke ki share. In kun sauka kin rasa gane wani dal a kanti, ɗauko hoto ki turo, zan faɗa miki ko wanne ne da fito nawa yake so.