Gargaɗi: injin gahawa na gida ba shi da famfo, kada a karɓe muku kuɗin canza shi

Assalamu alaikum jama'a. Na daɗe ina juya wannan magana a raina kafin in rubuta, don ba na son tonon silili. Amma shekaranjiya ƙanwar matata ta turo mini hoton tallar mutumin da ya sayar mini da injin gahawa. Ya sake suna, ya sake lambar waya, kayan kuwa su ne dai, har shuɗin zanen gadon da yake jera su a kai in zai ɗauki hoto bai canza ba. Nan na ga shiru ya zama haɗin baki.

Aikin dare nake yi, shi ya sa ba na rabuwa da gahawa. Watanni biyar da suka wuce na ga talla a Facebook: injin dafa gahawa na gida, irin mai tankin ruwa a baya da butar gilashi a ƙasa, wanda ruwan zafi ke ɗiga a kan gari ya tace ta takarda. Ya rubuta wai sabo fil daga Ingila, da garantin shekara guda. Muka koma WhatsApp, bakinsa kamar zuma, "Yallaɓai, saura biyu kacal, wani Alhaji ma yana jira." Na tura kuɗi, mai babur ya kawo. Kwalin ba na injin ba ne, an naɗe shi da salatif, babu takardar bayani a ciki. Na yi magana, ya ce 'yan kwastan ne suka yaga na ainihin wajen bincike.

Kwana tara yana aiki lafiya. Rana ta goma da asuba na tarar ruwa ya kwanta a ƙarƙashinsa, ya bi gefen tebur yana ɗiga daidai kan soket ɗin da ke ƙasa, inda yarana suke zama su karya. Ruwan fari tas, babu launin gahawa ko kaɗan. Na kira shi, ko mamaki bai yi ba. "Ai famfon ciki ne ya gaji, Yallaɓai, ruwanmu na nan ke kashe shi, kuma garanti ba ya ɗaukar famfo. Bari in turo maka injiniyana." Yaron ya zo ya tafi da injin, bayan kwana uku ya dawo da shi, ya karɓi kusan kashi ɗaya cikin uku na kuɗin da na saye shi, ya ƙara mini da wata kwalba wai maganin wanki na kamfani, ita ma da kuɗinta. Sati biyu yoyo ya dawo. Daga ranar lambobinsu duka biyu a kashe.

Akwai wani dattijo a bakin kasuwarmu, mai gyaran dutsen guga da fanka da hita. Shi na kai wa. Ya zubar da ruwan, ya kifa injin a kan cinyarsa, ya kwance sukurori ya ɗage murfin ƙasa, sai ya yafito ni. "Ɗana, zo ka duba da idonka. Ina famfo a nan?" Babu. Ba a taɓa sa shi ba, wurin zamansa ma babu.

Wannan shi ne abin da nake so kowa ya riƙe. Injin gahawa mai ɗiga, irin na gida da aka saba gani, ba famfo ne ke hawar da ruwansa ba. Ruwa na sauka daga tanki ta wani tiyon roba, ya shiga bututun alminiyam mai lanƙwasa kamar kofaton doki, wanda ke manne da ƙarfen da ke yin zafi. A bakin hanyar akwai ɗan bawul mai ƙaramar ƙwallo, yana barin ruwa ya shiga amma ba ya barinsa ya koma tanki. Da ruwan ya tafasa, kumfar tururi ta rasa mafita sai sama, sai ta tunkuɗa ruwan zafi ta wani bututu har kan garin gahawa. Ƙarar ɓul-ɓul ɗin da kuke ji ke nan. Masu famfo su ne injinan esfireso da masu ƙananan kwanson garin gahawa irin samfurin Nespresso, kuma in suna aiki za ka ji gurnanin famfon a ciki. Duk wanda ya ce famfon injinka mai ɗiga ya mutu, ka ce ya buɗe a gabanka ya nuna maka.

Abin da Baba ya tarar ya fi ƙaryar famfo muni. Tiyon da ya haɗa tanki da bututun zafi ya tsufa ya tsage, an shafe tsagar da sufa gulu sau biyu, tsohon ya yi rawaya, sabon yana bisa kansa ya bushe kamar ƙaro. Ta nan ruwan da nake sha yake bi. Cikin bututun kuma ya toshe da farin dattin nan mai tauri da ke manne wa gindin butar lantarki, wanda sai an yi shekaru ana dafa ruwa yake taruwa haka. Sabon inji ba ya zuwa da shi. Sannan Baba ya sa tsinken sukundireba ya ɗaga wata 'yar farar riga a jikin waya. A nan ya kamata fis na zafi ya kasance, wanda ke yanke wuta gaba ɗaya in zafi ya wuce ƙa'ida, kamar in abin da ke daidaita zafin ya maƙale ko an manta injin a kunne babu ruwa. An cire shi, an murɗa zaren tagulla a madadinsa. Baba ya daɗe yana kallon wayar bai ce komai ba, can ya ce, "Allah ne ya tsare gidanka." Jikina ya yi sanyi, domin sau nawa na kunna shi na shiga wanka.

Kwalbar maganin kuwa ya buɗe ya shinshina, ya miƙo mini. Farin khal ne da aka sirka da ruwa.

Wani abokin aikina ma a hannun mai tallar nan ya saya, nasa ko yoyo bai kai ga yi ba, a kunnawar farko ya yi hayaƙi. Da muka ɓare takardar farashin da aka liƙa a gindinsa, a ƙasanta an rubuta 120V. Na Amurka ne, an yanke kan filogin an sa mai ƙafa uku irin namu. Wutar Amurka bolt 120 ce, tamu a Najeriya 230, kamar ta Ingila. In ka ba ƙarfen da aka yi don 120 wuta 230, zafin da zai fitar ya kusa ninka huɗu. Injin nan ya cika gidajen Amurka tun da samfurin Mr. Coffee ya fito a 1972, saboda haka na hannu daga can ba su da wuyar samu. Ba laifi ba ne a sayar da su in an faɗi gaskiya, mai saye ya nemi taransifoman rage wuta mai ƙarfin ɗaukar wat 1,000 ko fiye. Laifin shi ne rufe rubutun.

Yanzu ga yadda Baba ya koya mini gano yoyo tun kafin in kira kowa. Ka fara duba launin ruwan. In mai launin gahawa ne, ba fashewa ba ce, ambaliya ce daga kwandon tacewa: ko gari ya yi laushi kamar fulawa ya toshe takarda, ko ya yi yawa, ko takardar ta lanƙwashe, ko butar ba ta zauna daidai ta danna ɗan bawul mai sifirin da ke gindin kwandon ba. Wanke bawul ɗin, ka sa gari mai ɗan kaushi kamar yashi, magana ta ƙare. In ruwan fari ne, cire filogi, ka shimfiɗa busasshiyar jarida, ka cika tanki iya layin da aka zana, ka ba shi awa guda. Jarida ta jiƙe tun injin yana sanyi, to tankin ne ya tsage ko robar gindinsa ta saki. Ba ta jiƙe ba sai an kunna, to tiyo ne ko maɗaurinsa, ko toshewa ce ke mayar da ruwa baya. Wasu injinan ma suna da rami a bayan tanki don zubar da rarar ruwa, in ka wuce layin dole ka ga jiƙa.

Tiyo in ya tsage canza shi ake yi da na silikon mai jure zafi, wanda aka yi don abin sha. Kada ka yarda a sa maka tiyon fetur na janareta ko a shafa gam. Toshewar kuma daga sinadaran kalsiyam da magneziyam take, waɗanda suka fi yawa a ruwan wasu rijiyoyin burtsatse. Haɗa farin khal da ruwa rabi da rabi, ka kunna har rabin tanki ya sauka, ka kashe na minti 30, ka ƙarasa, sannan ka bi da zallar ruwa sau biyu ko uku. Mai amfani da ruwan burtsatse ya yi haka duk wata.

Baba ya sa sabon tiyo da sabon fis, ya wanke bututun, abin da ya karɓa bai kai kuɗin kwalbar khal ɗin nan ba.

Wanda zai saya, don Allah kada ya tura kuɗi kafin ya kifa injin ya karanta gindinsa ya ga 220–240V, ya leƙa tanki da fitilar waya, a zuba ruwa a kunna a gabansa har buta ta cika. Ni da abokin aikina mun tattara hotunan hirarmu da mutumin, da shaidar tura kuɗi, da hoton wayar tagullar nan, za mu kai ƙorafi banki da hukumar kare haƙƙin masu saye ta tarayya, FCCPC. Wanda kuma ya riga ya karɓi inji daga mai jera kaya a kan shuɗin zanen gado, ya cire filogin yau, kada ya sake kunnawa sai mai gyara ya duba fis ɗin a gabansa.