Hasumiyar da na zata ta masallaci ce

Yaya, bari in ba ka labarin kunyar da na sha a makona na biyu a Biyana, babban birnin Ostiriya. Daga cikin jirgin ƙasa na hango wata doguwar hasumiya da ƙwallo mai ruwan zinariya a wuyanta, bangon ginin ya sha ado kala-kala. Na ce alhamdulillahi, na samu wurin Juma'a. Na sauka a tashar Spittelau, na tambayi wani dattijo ƙofar masallacin. Ya kalle ni sama da ƙasa, ya ce nan ake ƙona sharar gari. Kamar ƙasa ta tsage in shige.

Wallahi sai da na tsaya ina shinshina iska kamar taɓaɓɓe, ko ɗoyi babu. Tun 1971 wurin ke aiki. Da gobara ta cinye shi a 1987 ba a kore shi bayan gari ba, a nan aka sake tayar da shi, wani mai zane Hundertwasser ya ƙawata shi. Shara kusan tan 250,000 yake ci a shekara, zafin wutar kuma a tura shi ta bututu ya ɗumama gidaje, har da babban asibitin birnin. Da can nesa aka kai shi, da zafin ya huce a hanya. Ka ga tun a taswira aka ba shara mazauninta.

Ko gidan da nake haya, ɗakin shara guda aka fitar a ƙasan bene, masu kwashewa da makullinsu. Takura kam akwai. Ranar da na jefa kwalabe da dare, wata tsohuwa ta leƙo ta taga ta wanke ni tas saboda ƙarar da suka yi, ita da ko amsa gaisuwata ba ta taɓa yi ba. Ranar na yi kewar gida.

Amma mu ma dai! A yanka fuloti awon igiya, ko taku goma ba za a bar wa juji ba, balle hanyar da motar shara za ta juya. Sai a bi kududdufi da bola har ya cike, a daddale, a sayar, a ɗora gini. Damina ta zo ruwa ya biyo tsohon gidansa, ya tarar da gadon mutum a ciki, mu ce ƙaddara.

Filin nan da ka ce in turo kuɗi a saya min, don Allah ka tsare dillalin tukuna, ya faɗa maka me ke wurin shekara goma da suka wuce.