Rahoto daga Olot kan hanyoyin keke da hidimomin da ke tare da su

Assalamu alaikum, Yaya. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya tare da iyali, na rubuto ne domin in amsa tambayar da ka yi mini kan sha'anin keke a nan Kataloniya, tunda kai sana'arka sayar da kayan keke ce, kuma ka ce kana son jin yadda kaya da aikin gyara suke idan aka gwada su da na gida. Amsar ba za ta fito sosai ba sai na fara da hanyoyin da ake hawan kekunan a kansu, domin su ne suka haifar da kasuwar gaba ɗayanta.

Garin Olot, inda nake zaune, shi ne babban birnin yankin Garrotxa a arewa maso gabashin Sifaniya, kuma an gina shi ne a tsakiyar tsaunuka masu aman wuta waɗanda suka daɗe da mutuwa. Akwai kimanin 40 daga cikinsu a yankin, ɗaya ma, mai suna Montsacopa, yana cikin garin kansa. Majalisar Kataloniya ta sanya yankin ƙarƙashin kariya a 1982, amma duk da haka sai a 1991 aka daina haƙar tsakuwa a jikin dutsen Croscat, kuma har yau ana ganin wawakeken yankan da masu haƙar suka bari, baƙi da ja, a gefensa. Kusa da shi akwai dutsen Santa Margarida, wanda aka gina ƙaramar majami'a a tsakiyar raminsa, sai kuma kurmin Fageda d'en Jordà, wanda ya tsiro a kan narkakken dutsen da ya kwararo daga Croscat ya daskare. Ƙasar tana da albarka da yawan ruwan sama, shi ya sa duwatsun suke lulluɓe da itatuwa tun daga gindi har ƙoli.

Babbar hanyar keke a nan ita ce wadda ake kira Carrilet, mai tsawon kimanin kilomita 57 daga Olot zuwa birnin Girona. Asalinta layin dogo ne na ƙaramin jirgin ƙasa, wanda ya iso Olot a 1911 aka kuma rufe shi a 1969. Bayan an kwashe ƙarafan, ba a bar filin ya salwanta ba, daga bisani aka zuba masa tsakuwa mai laushi aka daddaɓe, aka gyara gadoji, aka kafa alamu, aka hana motoci da babura shiga, sai dai a wasu 'yan wurare inda manoma ke bi da motocin gona ko inda hanyar ta ratsa titi. Da yake jirgin ƙasa ba ya iya hawan tudu mai tsini, hanyar ta gaji sauƙin gangarensa. In ban da hawa guda zuwa mashigin Coll d'en Bas, mai tsayin mita 558, sauran tafiyar daga Olot gangara ce a hankali ta Sant Feliu de Pallerols da Les Planes d'Hostoles da Amer, a bi kogin Brugent sannan kogin Ter, har a shiga Girona ta garin Salt. Wanda bai gaji ba yana iya ci gaba da wasu kilomita 40 a kan wani tsohon layin har bakin teku a Sant Feliu de Guíxols. Mu ma mun taɓa samun irin wannan layi, wato ƙaramin jirgin da ya haɗa Zariya da Jos domin jigilar kuza, wanda aka rufe a 1957, kuma tudun Jos ma yana da nasa matattun duwatsun aman wuta a wajen Panyam da Kerang, sai dai ba a mai da wancan layin hanyar keke irin wannan ba.

Abin da ya fi jan hankalina a kan wannan hanya shi ne kulawar da take samu, domin tsakuwa ba ta jure sakaci. Akwai hukuma ta musamman, wadda ƙananan hukumomin da hanyar ta ratsa suka haɗu da hukumar lardin Girona suka kafa, kuma aikinta ke nan. Idan ruwan sama ya zaizaye wani wuri, za a sa alamar gargaɗi, a nuna hanyar kewaye, sannan a zo da mota a cike a daddaɓe. Ana sare rassan da suka rufto, ana share magudanan ruwa kafin su toshe. Ba a karɓar ko sisi a hannun mai hawa, kuɗin daga haraji yake fitowa, kuma 'yan kasuwar ƙauyukan sun san abin da suke samu, domin masu keke su ne ke cika musu shagunan shan kofi da ɗakunan kwana a ranakun Asabar da Lahadi. Burjin da muka sani a hanyoyin karkara na gida bai gaza wannan tsakuwa ƙarfi ba, a ganina ma ya fi ta riƙe ƙasa, amma wanda aka zuba aka tafi aka bari, damina biyu ta ishe shi.

Sai batun kekunan. Wanda ake yayi yanzu shi ne keken tsakuwa, mai kai lanƙwasasshe irin na keken tsere, da taya mai faɗi mai 'yan haƙora, da birki mai faifai. Mafi arha a cikin masu kyau yana kamawa daga wajen Yuro 1,000, masu tsada kuwa suna ninka haka sau biyar ko fiye, musamman a Girona, inda ƙwararrun 'yan tsere daga ƙasashe da dama suke zaune, kuma ake gudanar da gasar tseren keken tsakuwa mai suna Traka a kowace shekara. Yawancin waɗannan kekuna ba su da robar cikin taya, wani ruwa mai danƙo ake ɗurawa wanda ke toshe huda da kansa idan ƙaya ta soki tayar. Dabara ce mai kyau, amma ba na ba ka shawarar ka sa jarinka a ciki, domin ruwan yana bushewa bayan 'yan watanni ko a nan, balle a zafin Kano. Haka kuma irin wannan keke bai san kaya ba. Phoenix ko Raleigh ɗin da ake ɗora wa buhun masara a tafi kasuwar ƙauye ya fi shi amfani nesa ba kusa ba ga wanda keke abin neman abincinsa ne. A kan Carrilet ɗin ma ba a buƙatar mai tsada, na ga tsofaffi da yara suna bin ta da kekunan gida, wasu kuma da masu batir, waɗanda doka ta ƙayyade injinsu ya daina taimako idan gudu ya kai kilomita 25 a awa.

A wajen gyara ne lissafin ya juye. A nan kaya suna da sauƙi idan aka gwada da albashi, aikin hannu kuwa yana da tsada ƙwarai, don haka makaniki ba ya ɓata lokacinsa a kan faci, sai ya cire robar ya jefar ya sa sabuwa, kuma kuɗin aikin yakan zarce kuɗin robar. Sau da yawa sai an nemi rana tukuna, a bar keken a dawo bayan kwanaki. Shaguna da yawa suna rufewa da tsakar rana, galibinsu kuma ba sa buɗewa ran Lahadi, wadda ita ce ranar da aka fi hawa, saboda haka kowa yana tafe da famfonsa da robar canji da 'yan makullai. Mai facin bakin titi na gida, wanda zai miƙe ƙafar da ta lanƙwashe, ya haɗa sarƙar da ta tsinke, ya sallame ka kana tsaye, babu kamarsa a nan, kuma da za a kawo shi ya zauna a gindin wata bishiya a Amer da ya yi ciniki. Inda suka fi mu shi ne amana a kan kaya. Tun daga farkon 2022 doka ta ba sabon kaya garantin shekara uku, rasit ya isa hujja, kuma abin da aka rubuta a jikin kwali shi ne a ciki. Kekunan hannu kuwa ana cinikinsu ne ta manhajar Wallapop, a nan ne ake samun na kirki da rahusa, amma sai an nemi rasit na asali saboda kayan sata.

Hidimar haya ma ta tsaru. Kamfanoni suna ba da keke tare da hular kwano da makulli, wasunsu kuma suna kai mutum Olot da mota domin ya gangaro Girona, ko su ɗauki jakarsa su kai masauki na gaba. Hular kwano wajibi ce a titunan wajen gari, ga yara 'yan ƙasa da shekara 16 kuwa wajibi ce a ko'ina. Wanda ya bar Carrilet ya shiga hanyoyin daji na cikin tsaunuka sai ya kula da abu biyu. A cikin yankin da aka kare ba kowace turba aka yarda keke ya bi ba, sannan daga kaka zuwa hunturu maharba suna farautar aladun daji, suna kafa alamu a bakin hanya, kuma wanda ya ga alamar gara ya juya.

Abinci a hanya yana buƙatar lura ga Musulmi, domin yankin ya shahara da sarrafa naman alade, kuma yana shiga cikin burodin da ake sayarwa har da miyar da ba a zata ba. Waken garin Santa Pau, wanda ake nomawa a kan ƙasar aman wuta, yana da daɗi ƙwarai, amma a gidajen abinci galibi da alade ake haɗa shi, don haka gara a saya ɗanye a dafa a gida. Abin da ba ya sa ni shakka shi ne ƙwai da kifi, da kuma kindirmon La Fageda, wata ƙungiya da aka kafa a 1982 domin samar wa masu lalurar ƙwaƙwalwa aiki, wadda gonarta ke cikin kurmin da na ambata. Mahautan halal da masallatai kuwa akwai su a Olot da Salt da Girona. Famfunan ruwa suna nan a ƙauyuka kyauta, sai dai a duba ko an rubuta cewa ruwan ba a tace shi ba.

Game da kayan da ka ce in duba maka, shawarata ita ce mu tsaya a kan tayoyi masu jure huda, da fitilun da ake cajinsu da wayar caji, da ƙananan famfunan hannu, domin su ne za su shiga kekunan da mutanenmu ke hawa ba tare da an canza komai ba. Ka aiko mini da lambar girman tayar da ta fi tafiya a shagonka kafin in tambayi farashin sari da kuɗin jirgi. A gaida Inna da su Hajiya da yara duka. Wassalam, daga ƙanenka.